Andrew Young da La'adar Zumunci: Wa Ke Yi wa Manomin Dambatta Dillanci?

Duk wanda ya taɓa kai sa ko rago kasuwar Dambatta ranar Lahadi ya san dillali, ya kuma san amfaninsa. Shi ke riƙe igiya, shi ke gane wanda ya zo saye da gaske da wanda ya zo taya kawai, shi ke tsayawa shaida idan daga baya wani ya ce dabbar ta sata ce. A kan haka ake ba shi la'ada, ba kuma wanda ke ƙyashin ba shi. Sharaɗin da kasuwa ta gindaya masa ɗaya ne: a san wanda yake yi wa aiki a wannan cinikin, a kuma san abin da zai ɗauka. Ranar da aka gane yana raɗa wa mai saye ƙarshen kuɗin da mai dabba zai sallama, ranar ya zubar da mutuncinsa a kara, ko da kuwa ƙanin mai dabbar ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Wannan ƙa'ida da manomin da bai taɓa shiga aji ba ya riƙe da kyau, ita ce manyan ƴan bokon Nijeriya suka yi shekaru suna saki duk lokacin da baƙo ya zo daga Amurka da sunan aboki. Babu rayuwar da ta fi fito da wannan sakaci fili kamar ta Andrew Young, tsohon jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda daga baya ya zama ɗan kasuwa. Nijeriya ta karɓe shi a matsayin ɗan'uwa, saboda haka ta ji nauyin yi masa tambayoyin da ake yi wa dillali. Kuma a duk tsawon cinikin da ya shiga tsakani, hajar da aka baje ta mai ce da injuna da kwangila. Geron Makoɗa da waken Bichi ba su taɓa hawa teburin ba.

A fara ba shi haƙƙinsa

Adalci ne a fara da abin da ya sa ake girmama shi, domin ba a banza ya samu sunan ba. An haifi Young a birnin New Orleans ranar 12 ga Maris, 1932, a zamanin da doka ta raba wa baƙi da farare makaranta da kujerar mota a kudancin Amurka. Mahaifinsa likitan haƙori ne, mahaifiyarsa malamar makaranta. Ya yi karatu a Jami'ar Howard, ya wuce makarantar horar da limaman coci a Hartford, ya zama fasto. A farkon shekarun 1960 ya shiga ƙungiyar Martin Luther King, ya zama babban daraktanta a 1964. Shi King ke turawa ya zauna da fararen ƴan kasuwa da hukumomin gari a nemi sulhu, yayin da sauran jama'a ke kan titi. Yana masaukin da aka harbe King a birnin Memphis ranar 4 ga Afrilu, 1968.

A 1972 aka zaɓe shi ɗan majalisar wakilai daga Jihar Jojiya, baƙar fata na farko daga jihar cikin kusan shekara ɗari. A farkon 1977 Shugaba Jimmy Carter ya naɗa shi jakada a Majalisar Ɗinkin Duniya. A lokacinsa ne Kwamitin Sulhu ya ƙaƙaba wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu takunkumin makamai na dole, a watan Nuwamban 1977. Ya kuma rasa kujerarsa a kan abin da mutanen Kano za su yaba: a watan Yulin 1979 ya gana da wakilin ƙungiyar kwatar ƴancin Falasɗinu a gidan jakadan Kuwaiti, alhali Amurka ta yi wa Isra'ila alkawarin ba za ta tattauna da ƙungiyar ba. Da maganar ta fasu, ya yi murabus ranar 15 ga Agusta.

Mutum ne mai ƙarfin hali, ba musu. Sai dai a lura da baiwar da ta ɗaga shi tun daga farko: iya shiga tsakani. Baiwa ce mai daraja. Kuma ita ce jarin kowane dillali.

Yadda ya shigo gida

Kafin zuwansa, tsakanin Legas da Washinton babu daɗi. A watan Janairun 1976 Janar Murtala Muhammed, ɗan Kano, ya yi fatali da wasiƙar Shugaba Gerald Ford a kan rikicin Angola, ya kuma je Adis Ababa ya faɗa wa duniya cewa Afirka ta isa yanke wa kanta shawara. Bayan kisan Murtala a watan Fabrairu, gwamnatin Obasanjo ta ƙi karɓar sakataren harkokin wajen Amurka Henry Kissinger. A daidai wannan lokaci kuwa Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi sayar wa Amurka ɗanyen mai. Washinton na buƙatar wanda zai buɗe mata ƙofar da ta rufe.

Young ya buɗe ta. Ya zo Nijeriya a watan Fabrairun 1977, ana tsakiyar bikin FESTAC, ya ƙulla abota da Obasanjo wadda ta ɗore shekaru da dama. Kafin shekarar ta ƙare Obasanjo ya ziyarci Washinton, a ƙarshen Maris na 1978 kuma Carter ya sauka a Legas.

Amma akwai abin da masu tafi suka ƙi gani. A ƙarshen Oktoban 1977, kwanaki kaɗan kafin takunkumin makaman da aka ambata, ƙasashen Afirka sun kawo ƙudurorin da suka haɗa da takunkumin tattalin arziki a kan Afirka ta Kudu. Amurka da Ingila da Faransa suka hau kujerar na-ƙi. Wakilcin Amurka a lokacin yana hannun Young. Wannan ba cin amana ba ne, aikinsa ke nan. Jakada na ƙasar da ta aiko shi ne, komai hasken fatarsa ko duhunta. Wanda ya manta da haka shi ya yaudari kansa.

A watan Satumban 1979, tun bai miƙa ofis ba, Young ya jagoranci ayarin ƴan kasuwar Amurka zuwa wasu ƙasashen Afirka, har da Nijeriya. Aikinsa na ƙarshe a rigar jakada shi ne nema wa kamfanonin ƙasarsa kasuwa. Wanda ya karanci wannan tafiya da kyau ya ga sauran rayuwarsa a cikinta.

Takin da bai iso ba

A nan ne labarin ya taɓo gonar manomin arewacin Kano. Ƙasar da ta tashi daga Ungogo da Minjibir ta bi Dawakin Tofa da Bichi har Dambatta da Kunci tana cikin karkarar da ta fi cunkoson jama'a a yankin Sahel. Gona na manne da gona, ba a barin saura ta huta, kowace damina sai an nome ta. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin yankin tun shekarun 1960, ya nuna yadda wannan ƙasa mai rairayi ta daɗe tana ciyar da ɗimbin jama'a ba tare da ta mutu ba. Sirrin a bayyane yake: takin tumaki da awaki, tokar murhu, sharar birni da jakuna ke kaiwa a mangala, harawar wake da ta gyaɗa da ake tarawa don dabba, da gawo da ɗorawa da aka bari a tsakiyar gona. Manomin nan gwani ne. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne lissafi: baki na ƙaruwa, gado na raba gona, takin gida kuma ba ya isa. Buhun takin zamani a kan lokaci, a farashin da zai iya, shi ne bambanci tsakanin rumbun da zai kai wata damina da wanda zai ƙare kafin bazara.

Cikin manyan kwangilolin da kamfanonin Amurka suka samu a Nijeriya a shekarun da suka biyo bayan sabon zumuncin akwai masana'antar taki ta NAFCON a Onne, kusa da Fatakwal, wadda kamfanin Kellogg na birnin Houston ya gina. Ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1980, da ƙarfin fitar da tan 1,500 na yuriya a kullum. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 ta durƙushe, a 2005 aka sayar da ita. Wanda ya gina an biya shi. Wanda ya ba da rance ya rubuta bashinsa a kan Nijeriya. Manomin da aka yi komai da sunansa ya koma jiran rabon takin gwamnati, wanda kan iso bayan an yi noman farko, ta hannun ɗan siyasar mazaɓa.

Ba Young ya kashe NAFCON ba. Ƴan ƙasa ne suka kashe ta da rashin kulawa da wawura. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Darasin dai shi ne irin cinikin da dillalin manya ke iya ƙullawa: mai girma, mai bikin yanke kirtani, wanda la'adarsa ke fita ranar sa hannu, ba ranar da buhu ya isa ƙauye ba. Har yau siffar ba ta sake ba. Masana'antar takin Dangote da aka ƙaddamar a Legas a watan Maris na 2022 na da ƙarfin tan miliyan uku a shekara, jiragen ruwa na lodin yuriyarta zuwa Birazil da Amurka, alhali ƙaramin manomi a Tsanyawa na sayen taki da kwano.

Igiya ɗaya, hannu biyu

Bayan ya bar aikin jakada, Young ya yi magajin garin Atlanta daga 1982 zuwa 1990, ya kuma taka rawa wajen kai wasannin Olamfik na 1996 birnin. A shekarar ta 1996 shi da Carlton Masters suka kafa kamfanin GoodWorks International. Hajar kamfanin ita ce sunan Young da mutanen da ya sani.

An ga yadda ake sayar da irin wannan haja tun a 1997. Kamfanin takalma na Nike, da ake zargi da gallaza wa ma'aikata a Asiya, ya ɗauki GoodWorks ya duba masana'antunsa. Young ya zagaya, da tafintocin da Nike ya samar, ya fitar da rahoto mai sassauci. Watanni kaɗan bayan haka wani binciken cikin gida da kamfanin Ernst & Young ya yi wa Nike ya fallasa, yana nuna ma'aikata a wata masana'anta a Biyetnam na shaƙar sinadarai masu illa fiye da kima. A 2006 kuma ya jagoranci wata ƙungiya da aka kafa don wanke sunan kantunan Wal-Mart, ya sauka bayan wasu kalamai da ya yi a kan masu ƙananan shaguna Yahudawa da Koriyawa da Larabawa, waɗanda ya nemi afuwa a kansu.

Da Obasanjo ya dawo mulki a 1999, ƙofar Abuja ta buɗe wa tsohon aboki. GoodWorks ya zama mai yi wa gwamnatin Nijeriya kamun ƙafa a Washinton, ana biyansa daga baitulmali. A lokaci guda yana wakiltar kamfanonin Amurka masu harka da wannan gwamnatin, irin su Chevron da General Electric. Jaridar New York Times ta baje wannan alaƙa a watan Afrilun 2007. Howard Jeter, wanda ya yi jakadan Amurka a Nijeriya har zuwa 2003, shi ma da ya bar aikin gwamnati kamfanin ya shiga.

A mayar da maganar kara. Mai sa ya ɗauki dillali yana biyansa. Mahaucin da ya zo saye shi ma wannan dillalin yake biya. Idan aka zo yanke farashi, wa zai kare? Ko yaron da ke kiwon awaki a Kunci ya san amsa. Manyan da suka yi digiri a Landan da Boston su ne suka ce ba su ga matsala ba, wai ai aboki ne.

Hujjojin masu kare shi

Za a ce duk abin da aka yi bisa doka aka yi shi. Gaskiya ne. Amurka na da doka tun 1938 da ta wajabta wa mai yi wa gwamnatin waje aiki ya yi rajista ya bayyana yarjejeniyarsa, kuma GoodWorks ya yi rajistar. Amma dokar Amurka an yi ta ne don kare Amurkawa, domin su san wanda ke magana da yawun baƙo a majalisarsu. Ba ruwanta da ko talakan Nijeriya ya ci riba a cinikin. Wannan tambaya ta majalisar Abuja ce da jaridun Nijeriya, kuma kaɗan ne suka yi ta da ƙarfi a lokacin da take da amfani.

Za a ce kowace ƙasa na ɗaukar masu kamun ƙafa, kuma Nijeriyar da ta fito daga mulkin Abacha na buƙatar wanke suna. Wannan ma gaskiya ne. Amma a duba me aka saya. Dokar AGOA ta 2000 ta buɗe wa kayan Afirka kasuwar Amurka ba haraji. Abin da Nijeriya ta tura ƙarƙashinta kusan duk ɗanyen mai ne, hajar da ba ta taɓa buƙatar dillali ba. Wasu ƙasashen, irin su Kenya da Lesoto, sun gina masana'antun tufafi a kan dokar. Kano, mai tarihin saƙa da rini da jima, ta kalli masaƙunta na Bompai da Sharaɗa suna rufewa a cikin shekarun nan.

Za a ce Young na ƙaunar Afirka da gaske, kuma ya daɗe yana wa'azin cewa ciniki ya fi sadaka. Ba a shiga zuciyar mutum ba, babu kuma dalilin ƙaryata ƙaunarsa. Wa'azin ma daidai ne. Sai dai sabo da kaza ba ya hana yanka ta, ƙauna kuma ba ta soke lissafi. Ciniki ya fi sadaka ga wanda aka sa hajarsa a kasuwa. Wanda aka bari a bakin hanya bai samu ko ɗaya ba.

Taro biyu, alkawari biyu

Kalanda kaɗai ta isa shaida. A watan Yulin 2003 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Maputo cewa kowace ƙasa za ta ware kashi goma cikin ɗari na kasafinta ga noma. A wannan watan aka yi babban taron Leon Sullivan a Abuja, wanda Young ke cikin jagororinsa, har Shugaba George Bush ya halarta. A watan Yunin 2006 aka yi taron takin zamani na Afirka a Abuja, aka ɗau alkawarin ɗaga abin da ake zubawa daga kimanin kilo 8 a hekta zuwa kilo 50 kafin 2015. Wata guda bayan haka taron Sullivan ya sake dawowa Abuja. Tarurrukan baƙi sun cika maƙil, an yi liyafa, an ɗau hotuna. Alkawarin manomi kuwa, kasafin tarayya bai taɓa cika kashi goman ba, 2015 ta zo ta wuce ba a kai kilo hamsin ɗin ba.

A shekarar 2015 ɗin ce Tarayyar Turai ta haramta shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda yawan maganin ƙwari da aka tarar a cikinsa, an kuma yi ta tsawaita haramcin. Wake shi ne kuɗin hannun manomin arewacin Kano, harawarsa kuma abincin dabbarsa. Kasuwar Dawanau, a Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, na cikin manyan kasuwannin hatsi na Yammacin Afirka, daga nan riɗi da zoɓo ke tafiya har Asiya da Meziko. Wannan ita ce hajar da ke buƙatar wakili mai baki a ƙasashen waje, da ɗakin gwaji kusa da kasuwa, da malamin gona da zai koya wa mai ajiya abin da zai zuba da abin da zai bari.

Abin lura, taimakon Amurka da ya fi taɓa wannan matsala bai biyo ta ɗakin taro ba. Masu bincike na Jami'ar Purdue ne suka fito da buhu mai ninki uku da ke kashe ƙwarin wake ta hanyar toshe iska, ba tare da magani ba, aka yaɗa shi ƙauye-ƙauye, har ana ƙera shi a Kano. Cibiyar binciken noma ta IITA kuma ta daɗe tana gwajin irin wake a gonarta ta Minjibir. Ba a yi wa waɗannan jerin gwanon motoci ba. Amma su ne suka isa rumbu.

Abin da ya rage wa masu ilimi

Laifin Young, idan laifi ne, shi ne ya mayar da mutuncin gwagwarmaya jarin kasuwa. Wannan tsakaninsa ne da tarihin mutanensa. Laifin da ya shafi Kano na waɗanda suka biya ne ba su tambaya ba, da waɗanda suka gani suka yi shiru domin suna fatan a gayyace su liyafa.

Kuma ɗabi'ar ba ta tsaya a kan baƙi ba. Babban sakataren da ya yi ritaya yau ya zama mai ba kamfanin da ya sa wa hannu jiya shawara, da kwamishinan da ke da hannun jari a kamfanin da ke kawo wa jiha taki, duk sana'ar guda ce, sai dai su ba su ma da dokar da ta tilasta musu rajista.

Gyaran ba ya buƙatar juyin juya hali. Yarjejeniyoyin kamun ƙafa da gwamnatocin Nijeriya da ƴan siyasarta ke sa wa hannu a Washinton suna nan a shafin intanet na ma'aikatar shari'ar Amurka, kowa na iya buɗewa ya karanta adadin kuɗin da aikin da aka ce za a yi. Nijeriya na da dokar ƴancin samun bayanai tun 2011. Lauya a Kano, ko ɗan jarida, ko malamin jami'a, ko ɗan majalisar da ke wakiltar Dambatta da Makoɗa, na iya tambaya a rubuce: nawa aka biya, wa kuma wannan kamfani ke wakilta ban da Nijeriya, wace haja ta talaka ce za ta samu kasuwa a sanadinsa? Wanda ke karɓa daga mai saye kada a ba shi igiyar mai sayarwa. Jami'in da ya bar ofis a sa masa wa'adin da zai jira kafin ya yi wa waɗanda ya yi hulɗa da su aiki.

Wani aboki zai sake zuwa, daga Washinton ko Beijin ko Dubai, da tarihi mai kyau da murmushi mai daɗi. A tare shi da mutunci, a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi ruwa. Sannan a yi masa tambayar da dattijon Dambatta ke yi kafin ya saki igiyar sansa: wa kake yi wa aiki, kuma nawa ne naka?